Malam Bilyamin, Mai Jin Zazzaɓin Kankare

Ƙarfe bakwai na safe Malam Bilyamin yake buɗe ɗakin gwajin kayan gini, kuma shekara talatin da ɗaya bai taɓa shiga ba sallama ba, alhali ba kowa a ciki. Garin Potiskum na tafasa a waje, amma ɗakin nan sanyi ƙalau, tsit. A tsakiyarsa akwai tanki, a ƙarƙashin ruwan kuma dunƙulallun kankare ne a jere, kowanne da ranar da aka zuba shi a rubuce a goshi. Ni dai ranar da na fara leƙawa, jerin ya yi mini kama da maƙabarta.

Aikinsa shi ne ruwan nan kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi. Yakan tsoma hannu tukuna, sannan ma'aunin zafi. In wuta ta ɗauke, ya nemo ƙanƙara, ya rufe tankin da jiƙaƙƙun buhuna. Ranar gwaji inji ya matse dunƙulen har ya fashe, a karanta ƙarfinsa. Ya ce kankaren da ya kwana a ruwan zafi maƙaryaci ne: yakan nuna ƙarfi da wuri, daga baya ya ci amana.

Injiniya Munawwara, wadda ta yi aiki tare da shi, ta ba ni labarin benen wata makaranta a unguwar Hausari. Ɗan kwangilar ya kawo samfurinsa ana saura kwana kaɗan a buɗe azuzuwa. Inji ya matsa, lamba ta yi kyau, kowa ya yi murmushi. Malam Bilyamin ya ɗauki gutsuren da ya fashe, ya daɗe yana riƙe da shi a tafin hannu.

"Baba, lafiya?" in ji Munawwara.

"'Yata, wannan zazzaɓi yake yi. Alhaji, a ina ya kwana?"

"A baƙin duro, a rana. To mene ne? Ba ga lamba ba? Malam, sa hannu kawai!" in ji ɗan kwangilar.

"Wallahi ba da hannuna ba."

An zage shi, an kai ƙararsa sama, bai gusa ba. Aka huda ginshiƙan benen aka sake gwaji, aka tarar ba su da ƙarfi, aka ba da umarnin rushewa. Munawwara ta ce injin rusau sau ɗaya ya taɓa ginshiƙin farko, rufin ya zauna gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa, sai ga bencina arba'in da shida a ƙarƙashi, a jere yadda aka shirya su, suna jiran yara. Malam Bilyamin ya ƙirga su da yatsa, hawaye na zuba.

Kai ne, Malam, mai jin abin da inji bai ji ba. Kai ne ka gaskata tafin hannunka ranar da kowa ya gaskata lamba. Wannan watan za ka ajiye aiki, kuma gaskiya ina jin tsoron ranar da tankin zai wayi gari ba mai yi masa sallama.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku karɓi makullin ɗakin, ku tsoma hannu kafin ku sa hannu. Yaran bencinan nan sun girma, kullum suna wuce shi a hanyar kasuwa, ba su san shi ba. Shi kuwa har yau in ya ga ɗalibai sun taso, yakan tsaya ya ƙirga su.