Tabarmin Gari a Bakin Maƙogwaro

Makarantar ƙauyenmu ba ta da kujerun taro. Mutanen gari ne suka gina ta da gayya, duk kaka in an sayar da shinkafa a ƙara kwano ko ƙofa. Shi ya sa ranar yaye 'yan aji shida kowane gida yake zuwa da tabarmarsa. Ba a aika wa kowa. Da hantsi sai ka ga mutane sun jeru a kan gaɓar kanal, kowa da naɗaɗɗiyar tabarma a ka ko a kafaɗa, har da doguwar nan ta roba ta masallacin Juma'a, wadda sai mutum biyu suke ɗauka.

Shekarar da na gama sakandare a Kura, autar gidanmu tana cikin waɗanda za a yaye, kuma ita aka ba wa karatun buɗe taro. Damina ce, ana tsakar dashen shinkafa, amma ranar kowa ya ajiye aiki.

Baƙo in ya ga babban kanal zai ce ruwa ne kwance. Ba ya ƙara, ba ya kumfa. Amma gefensa siminti ne mai gangara, gansakuka ta lulluɓe shi, santsi kamar miyar karkashi. Gaba da makaranta kaɗan kuma akwai inda ruwan yake nutsewa ƙarƙashin titi. Maƙogwaro muke ce wa wurin. Tun muna yara ake gaya mana abin da ya shiga nan ba ya fitowa da numfashi.

Muna tafe, ni da tabarmarmu a ka, Auta a gabana cikin farin hijabi tana bitar karatunta a hankali, Inna da Kaka, mahaifin babanmu, suna baya. Wani ɗan acaɓa ya taho da akwatunan lemon taro, muka raɓe masa. An yi ruwa da asuba, ƙasar bakin ta jiƙe. Ban ji faɗuwar Auta ba. Na dai duba gabana na ga babu kowa, sai takalmi ɗaya.

Na ruga bakin kanal. Wata mai ƙosai ce ta riga ni yin ihu: "Yarinya a kanal! Jama'a, yarinya a kanal!"

Na hango hijabin yana juyawa a kan ruwa, hannunta yana yaƙushin siminti yana zamewa. Wani saurayi ya fara tuɓe riga, Kaka ya daka masa tsawa: "Kai, kada ka sa mu nemi biyu! Tabarmi! Ku saki tabarmi!"

Abin da na gani daga nan, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Maganar ta bi layin mutane ta riga ruwa gudu. Tun daga inda nake har ƙofar makaranta, kowa ya sauke tabarmarsa, ya kwanta rub da ciki a taɓo, ya riƙe gefe ɗaya ya sake ta a gangaren. Koriya, ja, shuɗiya, ta kaba, ta roba, ɗaya bayan ɗaya, kamar an shanya wa gari wanki. Mata da sababbin atamfofi, dattawa da manyan riguna, ba wanda ya dubi kayansa. Na baya suna riƙe ƙafafun na gaba.

Ta wuce ta fari. Ta kama ta biyu, kabar ta yage a hannunta. Tawa ma na saki, ba amfani, ta riga ta yi nisa. Sai gudu nake ina faɗin sunan Allah, Maƙogwaro kuma yana matsowa.

Ladan da hedimasta ne suke ɗauke da ta masallaci, sun kusa makaranta. Hedimasta ya riƙe baki ɗaya, ladan ya ja ɗayan ya haye 'yar gadar da ke gaban Maƙogwaro a guje, suka sake ta ta gitta ruwan daga gaɓa zuwa gaɓa. Maza suka taru a kowane ɓangare suka danne. Ruwa ya kawo Auta ya maka ta a jikin tabarmar, tabarmar ta lanƙwashe ta rungume ta. Na ji ladan yana ta ihu: "Ku ja ta wajenku! Mun saki, ku ja!"

Aka jawo ta naɗe kamar jariri a zane. Mata suka kifa ta, ta yi ta aman ruwa. Da ta yi tari ta buɗe ido, kabbara ta tashi har tsuntsayen cikin shinkafa suka watse.

Hedimasta, wanda ruwa ya tafi da hularsa, ya ce a ɗaga taro zuwa wani mako. Kaka ya tsuguna a gaban Auta, ya ce, "Amaryata, duk randunan gidanku ba su ishe ki wankan kwalliya ba?"

Da ƙyar ta ce, "Tsoho, kai ma dubi gemunka, duk taɓo."

"To kun ji. Mai bakin tsiwa ai tana da bakin karatu. Ko ya ya, amarya?"

Ta dubi Inna. Inna ta share hawaye, ta cire hijabinta busasshe ta zura mata, ta yafa ɗankwali.

Aka shimfiɗa tabarmin a jiƙe, gari ya zauna a kansu haka nan. Auta ta tsaya cikin hijabin da yake jan ƙasa, ta yi bisimilla da dasasshiyar murya. Ta tsaya ta yi tari, ba wanda ya motsa, ta ci gaba har ta kai aya ta ƙarshe. Ni ban iya kallonta ba, ruwan da ke tsiyaya daga bakin tabarmar masallaci nake kallo.

Har yanzu ba na bin gaɓar kanal. Ta kunyoyin shinkafa nake zagayawa, ko da zan ɓata ƙafa. Tabarmarmu kuwa koren gansakuka ya kama bakinta, na wanke ya ƙi fita. Na ce wa Inna mu sayi sabuwa kafin yayen baɗi. Ta naɗe ta, ta jingine a bayan ƙofa, ta ce wannan ɗin dai za mu kai.