Ƙauyuka Goma Sha Huɗu da Na Cire

Shekaruna tamanin da ɗaya, kuma ba na neman tausayin kowa. Masu gaisuwa su wuce gidan mamacin, can ake buƙatarsu.

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, matarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa. Kai ne ɗalibina na farko da ya zama malamin jami'a, wanda abokan aiki suka laƙaba wa suna Ina-Hujja. Ni ya kamata ka raka makwanci, ɗana.

Shekara talatin kana bincike a kan ƙungiyoyin agaji, ba ka taɓa fitar da sakamako ba sai ka bayyana yadda ka samo shi: tambayoyin da ka yi, gidajen da ka shiga, har waɗanda suka rufe maka ƙofa. Sunayen mutane kaɗai kake shafewa. Da wata ƙungiya ta gano kuskure a aikinka, ka buga gyara, ka aika musu wasiƙar godiya. Na ce ka zubar da girmanka. Ka yi dariya ka ce, "Mama, ai sun rage mini aiki ne."

Da idanuna suka raunana, kowace Asabar kakan zo ka karanta mini mujallu. Kai kaɗai ka san abin da ke cikin kwalin da ke ƙarƙashin teburina: ainihin takardun awon da na ɓoye. Rahoton da ya ɗaukaka sunana ya ce shirin ciyar da yara na wata ƙungiya ya yi nasara. Ƙauyuka sittin na auna yaransu, arba'in da shida na rubuta. Sha huɗun da yaran ba su ƙara nauyi ba na cire su, na ce ma'auni ne ya lalace. Ma'aunin lafiyarsa lau. Har yau da wannan rahoto ake kafa hujja ana maimaita shirin a kan 'ya'yan wasu.

In za ka tafi kakan ce, "Mama, kwalin nan fa?" In ce sai wani makon. Shekara sha ɗaya muna haka. Ba ka tona mini asiri ba, ba ka kuma ji na ce to ba. Yanzu wa ya rage da zai tambaye ni? Na kira lambarka sau biyu bayan jana'iza, ina sane.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa gaskiyar da ka riƙe ta cece ka. Matarka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi.

Jiya na miƙa kwalin ga ɗakin karatu na jami'a, ƙauyuka sittin cif, a buɗe ga kowa. Wasiƙar janye rahoton ma ta tafi, da sa hannuna.