Goran da Babu Kowa a Kansa

Da na dawo hutu Birnin Kabi a bana, abin da ya fi damuna shi ne 'yata Saratu ta daina ba ni labari. Yarinya ce mai surutu, 'yar aji ɗaya, ko ƙuda ya gifta sai ta samo abin faɗa a kansa. A kwanakin farko takan zo ta jingina da gwiwata ta yi ta zuba, ni kuwa ina "uhm, uhm", idona a ƙofar gida, kunnena a kan babura masu wucewa a layinmu na Nasarawa. Daga baya sai ta koma gaishe ni daga nesa ta wuce. Mahaifiyarta Balkisu ce ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: "Maigida, yarinyar nan ta ce magana da kai da magana da bango duk ɗaya. Hutunka kuma ya kusa ƙarewa." Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Soja ne ni, ban san yaushe zan sake ganin gida ba, kuma ba na so in tafi in bar ta da wannan tunanin a kaina.

A ranar ne Inno ta faɗo mini a rai. Inno kakata ce ta wajen uba, a Argungu na tashi a hannunta. Sana'arta turara shinkafa. Idan kaka ta yi, aka fara kwaso shinkafa daga fadama, wutar murhunta ba ta mutuwa. Da an sallame magariba mu jikoki za mu kewaye rabin duron da take turarawa a ciki, tururi na tashi da ƙamshin nan nasa mai kama da na sabuwar ƙasa, ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunno da muciya a hannu. Sai ta ce, "Ga ta nan tahe, wa za shi buɗe mata ƙohwa?" Mu ce mun buɗe, ta shigo.

Ni ne mara zama wuri ɗaya a cikinmu. Tana tsakiyar tatsuniya sai ta dungure ni da gindin muciya. "Kai mijin banza, ina kat tahi? Jikinka na nan, kai kana dandali wurin langa. Hwaɗa min, hayaƙin ga ina ya nuhwa?" Sai in yi wuri-wuri in duba. Wata rana ta tambaye ni ko shinkafar ta yi, daga ƙamshi kawai. In na kasa, ta ce ta sake ni, za ta auri ƙanena.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaita mini, ta wani masunci wai shi Tanko. Tanko yana da ƙaton gora da homa mai kyau, wato ragar kamun kifi, amma hankalinsa ba ya zama tare da shi, kamar akuya mai tsinke igiya. In ya kwanta a kan gora cikin gulbi, hankalin yana kasuwa yana cinikin kifin da ba a kama ba. In ya je kasuwa, hankalin yana gida. In ya zo gida matarsa ta ajiye masa tuwo, hankalin ya koma gulbi. Har kifaye suka gane shi. Suka riƙa taruwa a ƙarƙashin goransa suna shan inuwa, suna cewa juna, "Ku taho, wanga gora ba kowa bisa nai." Wata rana giwar ruwa ta shiga cikin homarsa ta yi barcin rana, ta farka, ta yi miƙa, ta fita abinta. A nan muke faɗuwa da dariya, Inno kuwa ko murmushi ba ta yi.

Da yunwa ta ishi gidan Tanko, sai ya fara zagin hankalinsa yana dukan kansa, hankalin ya ƙara nisa. Wata tsohuwa mai wanki a bakin gulbi ta gan shi, ta ce masa ya bar duka. Ta ce ya sa ƙafa a ruwa ya gaya mata ko da sanyi ko da ɗumi. Ya tsaya ya ji, ya ce da sanyi. Ta ce to ga hankalin nan ya dawo. Inno takan rage murya a nan: "Tac ce mai, za shi sake gudu, halinai ne. In ya gudu ka kira shi da lallashi, awa mai kiran akuya da dussa. Ko sau nawa." Tanko bai zama sarkin ruwa ba. Ya dai kama abin da gidansa zai ci, kuma a daren ya ji ɗanɗanon miyar matarsa. "Nan tat tsaya," in ji Inno, "ban ƙara mata gishiri ba."

Na girma na ɗauka labarin dariya ne kawai, sai da aiki ya kai ni daji. Wata safiya aka buɗe mana wuta muna tsallaka wani fili, na faɗi bayan tudu, bindigata ta cije. Wallahi a lokacin ba na wurin, ina can ina kallon ana kawo wa Balkisu labarina. Sai na ji zafin ƙarfen a tafin hannuna, na tsaya a kan wannan zafin. Na ja numfashi na ji shigarsa, na ji fitarsa, na ambaci Allah. Sannan na ga abin da ke gabana: harsashi ne ya maƙale, abin da na sha cirewa a wurin horo. Na cire shi. Tun daga ranar nake yin haka a bakin gadi da lokacin sintiri, kuma na ga amfaninsa. Tsoro bai daina zuwa ba, amma ya daina tafiya da ni.

Abin da ban lura ba shi ne na koyi kiran hankalina a daji, ban koyi kiransa a gida ba. Inno ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ba mai dungure ni da muciya.

Da la'asar na tarar da Saratu a tsakar gida tana jera murafan kwalba a kan tabarma. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na kife wayata. Na ce ta gaya mini su wane ne waɗannan. Ta dube ni a kaikaice, ta ce 'yan ajinsu ne. Ta fara a hankali, ba da son ranta ba, wai wannan jan ita ce Nana, wadda haƙorinta ya fita a cikin rake. Tana cikin magana wani babur ya yi ƙara a waje, hankalina ya tafi. Na ji saƙar tabarmar a ƙarƙashin tafina, na dawo. Ya sake faruwa, na sake dawowa, ban tsawata wa kaina ba.

Can ta kafe ni da ido. "Baba, me na ce yanzu?"

Na ce, "Kin ce Nana ta nannaɗe haƙorin a gefen hijabinta, malama ta zaci alawa take ɓoyewa."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ture murafan gefe, ta hau cinyata ta gyara zama.

"To tsaya," ta ce. "Akwai da yawa da na ƙi gaya maka. Bari in faro tun daga ranar da ka zo."