Malam Garbai, Mai Lambun Wutsiya

Mutane da dama a Gure sun ɗauka Malam Garbai Usmanu mai sayar da ruwa ne. Har a wurin jana'izarsa na ji wani baƙo yana tambaya a hankali, "Shi ne wanda yake karɓar kuɗin ruwa a kwari?" Shi ne, amma bai taɓa sayar da ko cikin ludayi ba. Saboda wannan kuskuren fahimta na ga ya kamata in rubuta abin da na sani, musamman don matasan da nake koyarwa a lakwal, waɗanda iyayensu ke noma a kwarin nan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Yana da shekara sittin da takwas. Shekara goma sha ɗaya daga ciki ya yi yana shugabantar komitin ruwa na kwarinmu da ke kan hanyar Kelle.

Baba Garbai, kai ka fi kowa sanin yadda abin ya fara. Wani poroje, wato shirin raya karkara, ya zo ya haƙa mana rijiyar burtsatse, ya kafa pampo, ya gina magudana ta siminti daga bakin kwari zuwa ƙarshensa, ya tafi. Ruwa kyauta ne, kowa ya yi murna. Bayan rani uku simintin ya tsattsage, rairayi ya gangaro daga tudu ya cika magudanar, kowa yana jiran wani ya gyara. Masu lambu kusa da pampo suna shan ruwa, na ƙarshe suna kallon albasarsu tana bushewa. A taron da aka yi ƙarƙashin dabinai ka miƙe ka ce, "Ruwa na Allah ne, ban musa ba. Amma siminti na ɗan kasuwa ne, kuma makanike yana da iyali."

Ba kowa ya ji daɗin maganar ba. Alhaji Husseini, wanda ya fi kowa yawan albasa, ya ce, "Garbai, yau ruwa ka sa wa farashi, gobe kuma iska za ka sayar mana?" Ka ce, "Ranar da iska ta fara bi ta tiyo, Alhaji, zan aiko maka da takarda." Aka yi dariya, aka amince.

Da farko komiti ya yi kuskure, kuma da hannuna a ciki, don ni na yi lissafin. Muka ce kowa ya biya gwargwadon awannin da aka buɗe masa ruwa. A takarda adalci ne. Ba mu lura ba cewa awa ɗaya a bakin pampo ba daidai take da awa ɗaya a ƙarshen magudana ba, domin kafin ruwa ya isa can, tsagogi da rairayi sun shanye rabinsa. Bintu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da lambu na ƙarshe duka, ta biya awa uku ta samu fangali biyu kacal sun jiƙe. Ba ta kai ƙara ba. Kai ne ka bi ruwan da ƙafa wata safiya har ka same ta tsaye a bakin busasshen lambu.

Abin da ka yi bayan nan har yau ana labarinsa. Lambunka na gado, wanda ke jikin pampo, ka ba Bintu, ka karɓi nata. Inna Habsu, mai ɗakinka, ta ce, "Malam, mutane na neman gaba, kai kana neman wutsiya?" Ka ce, "Habsu, in wutsiya ta jiƙe, ai jiki duka ya sha." Daga nan ka sa aka canja ƙa'ida: fangalin da ya jiƙe shi ake biya wa, ba awa ba. Aka ƙara da cewa duk wanda zai shugabanci komiti, sai ya yi noma a lambun ƙarshe. In magudana ta tsage, shi zai fara ji a jikinsa.

Kuɗin da ake tarawa kashi biyu ka yi shi: ɗaya na gyaran pampo, ɗaya na siminti. Wanda ba shi da hali, ya zo da felu ya kwashe rairayi kwana biyu, an yafe masa. Mai hali kuma, ko ya biya, dole ya zo gayya rana ɗaya da kansa. Ka ce wanda bai taɓa shiga magudana da ƙafarsa ba, ba ya jin zafin fasa ta don satar ruwa.

Ba zan ce ba ka da tsauri ba. Kana da shi. Ƙanenka uwa ɗaya uba ɗaya ya ƙi zuwa gayya, ka tsallake zagayensa na ruwa, kuka yi wata biyu sai gaisuwa. Amma a ranin nan da kanka ka ɗiba masa irin shu, wato kabeji, daga naka da nasa ya ƙone.

Yanzu ga inda muke. Damina ta wuce, ta bar rairayi a magudana, kuma akwai tsaga babba wuri biyu. Irin albasa na nan a gadonsa, nan da sati uku dole a dasa shi ko ya wuce lokaci. Gidaje goma sha huɗu ke noma a ƙasan tsagar ta biyu, kuma da wannan lambun suke cin abinci har wata damina. Ranar sadakar uku Alhaji Husseini ya ce zai kawo buhu shida na siminti, Allah Ya saka masa. Sai liman ya tambaya wa zai karɓi shugabanci da lambun ƙarshe. Har yau da nake rubutun nan ba wanda ya amsa.

Don haka ina kira ga matasanmu, na lakwal da waɗanda suka gama, da duk mai lambu a kwarin. Ranar Asabar bayan sallar asuba ku zo da felu. Idan an buɗe pampo, kada ku tsaya a bakinsa. Ku bi ruwan da ƙafa, ku duba agogo, ku ga inda yake ɓacewa da lokacin da yake isa ƙarshe, in ya isa. Wanda ya gani da idonsa zai san me kuɗin ruwa yake saye, kuma wataƙila a cikinku ne za a samu mai cewa, "Ku ba ni lambun."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Habsu, da 'yarsa Zaliha da 'yan uwanta, da jikoki, da dukkan manoman kwarinmu. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya. Allah Ya jiƙanka, Baba Garbai, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane fangali da ya jiƙe ta hannunka ya zama sadaka mai gudana. Ka shayar da na ƙarshen layi a duniya. Allah Ya shayar da kai daga Alkausara tare da na farko. Amin.