Ƙunshin Saiwar Alhaji Ɗanladi

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya a gidajen mutane a Dubai, ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Ɗanladi ya shigo min da ƙunshin saiwoyi daga Sin ba. Ku sababbi a aikin nan ku saurara, don irinsa zai same ku.

Aikinmu a bayyane yake. Kamfani ya tura ki gidan majinyaci, ki yi masa wanka, ki ciyar da shi, ki motsa masa gaɓoɓi, ki ba shi maganin da likita ya rubuta. A samanki akwai babbar nas, ita ke zagayawa tana duba mu. Abin da ba ta sani ba, ba ya shiga bakin majinyaci.

A cikin watan Sha'aban, bayan an buɗe gari daga kullen korona, aka tura ni unguwar Al Ras wajen Alhaji Sabo, ɗan kasuwar Kano mai aika kaya gida ta jirgin kago. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Asibiti suka sallamo shi da ƙwayar tsinka jini, don kada jinin ya sake daskarewa ya toshe masa ƙwaƙwalwa.

Kun san mutanenmu da dubiya. Kowa ya zo da addu'a, ya kuma zo da magani a aljihu. Alhaji Ɗanladi kuwa amininsa ne tun suna yara, shi ya biya kuɗin hayar gidan da yake kwance ma. Yana saukowa daga birnin Guangzhou na Sin ya zo da jaka, ya zazzage ƙunshin takarda mai rubutun Sinanci cike da ɓawo da wata jar saiwa.

Ya ce, "Malama Hajara, yalla, maza ɗora tukunya. Wannan ƙwaƙwalwa yake tsarewa. Abokin cinikina a can shi ya sha ya miƙe, ragowar nasa ce ya ba ni. A dafa ya riƙa sha kamar ruwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan dafa ba."

"Ke likita ce?"

"Da likita ce ni da na san abin da ke ciki. Sai da na aurar da 'yata na shiga makarantar yaƙi da jahilci, bokon ma da ƙyar nake haɗa shi, balle wannan rubutu mai kama da sawun kaji. Kai ka iya karanta shi?"

Ya ce ai ganye ne, ganye ba ya faɗa da ƙwaya. Ya ce waya ɗaya zai yi a canza ni kafin la'asar. Na ce ya yi, amma wadda za ta zo ma zan tsaya a ƙofa in gaya mata. Alhaji Sabo na kwance yana bin mu da ido, ba bakin raba mu.

Na kira babbar nas, 'yar Filifin ce. Ta ce kada ɗigo ya shiga bakinsa, za ta sanar da likitansa. Amma na san idan aka tsaya a nan, ranar hutuna za a dafa a ba shi. Sai na ce wa Alhaji Ɗanladi, "Tunda maganin Sinawa ne, mu kai wa likita Basiniya. In ta ce a dafa, likitansa ya yarda, ni zan hura wutar."

Washegari muka je wani asibitin maganin gargajiyar Sin mai lasisi. Likitar dattijuwa ce, da tafinta muka yi magana. Ba ta taɓa ƙunshin ba sai da ta tambayi ƙwayoyin da Alhaji Sabo ke sha. Sannan ta ware jar saiwar gefe. Ta ce ita ma tsinka jini take yi, in ta haɗu da ƙwayar asibiti jini na iya ɓallewa a cikin kai. Ta ce su ba sa haɗa magani sai sun taɓa jijiyar hannun mutum sun duba harshensa, kuma na wani ba ya zama na wani. Idan likitansa ya amince, a kawo mata shi ta gani.

Alhaji Ɗanladi ya ƙura wa saiwar ido. Can ya ce a hankali, "Ashe da hannuna na so in ba Sabo wannan." Da muka tashi sai ya naɗe hannun riga ya miƙa wa matar wuyan hannunsa, wai shi ma ya ɗan kurɓa a Guangzhou.

Daga ranar, kujerarsa ta koma bakin ƙofa. Duk wanda ya zo dubiya, sai ka ji ya ce, "Addu'a ta wuce ciki, abin aljihu a ajiye nan. Khalas, shi ke nan."

Abin da na koya shi ne, a aikin nan maƙiyi ba ya zuwa kusa da gadon majinyaci. Mai ƙaunarsa ne ke zuwa, da magani a hannu. Kada ki dafa, kada kuma ki kore shi. Ki nema masa kujera a bakin ƙofa.