Muryar Baba a Kasuwar Manhajoji

Autanmu ne ya kawo maganar. Ya gama karatun kwamfuta, aiki bai samu ba, sai ya ce zai haɗa manhajar waya da za ta koya wa yara Hausa, musamman 'ya'yan mutanenmu da ke zaune a ƙasashen waje. Hotunan da kansa ya zana. Saura muryar da za ta faɗi sunan kowane abu. Ya gwada tawa, ya ce ina sauri, sai ya koma kan Baba.

Baba tsohon direban babbar mota ne, Bakatsine, ciwon baya ya sa ya ajiye tuƙi. Da hantsi, in layinmu na Kinkinau ya ɗan lafa, sukan shige ɗakin Inna su rufe taga, ni kuma in tsayar da keken ɗinkina. Ina jiyo shi yana cewa, "Ƙwarya. Tsintsiya. Raƙumi," a hankali kamar mai lallashin jika.

Ranar da aka ɗora manhajar don sayarwa, Baba ya ce, "To ina shagon yake?"

Auta ya ce, "A cikin waya, Baba. In an saya, masu kasuwar su cire kasonsu, su turo mana sauran."

"La'ada ke nan. Ashe har can akwai dillalai!"

Abin da ya fara shigowa bai wuce na cefane ba. Auta ya raba biyu, ya kai wa Baba rabi. Baba ya ture hannunsa.

"Tun yaushe ake biyan mutum don ya ce tsintsiya?"

Auta ya ce ai masu kasuwar ma da ba su ce uffan ba sun karɓi nasu. Inna ce ta raba gardamar. Ta karɓa, ta ce na maganin bayansa ne.

Wata rana wata mata ta rubuto a wurin da masu saye ke barin ra'ayinsu. Ta ce 'yarta can ƙasar waje aka haife ta, ba ta riski kakanninta ba, yanzu in ta ga wayar sai ta ce a kira mata Kaka. Na karanta wa Baba. Ya jima yana murza hularsa a kan gwiwa, sannan ya ce in kira masa Auta.

"Mun yi mantuwa," in ji shi. "Yarinya ta san raƙumi, ba ta san ina kwana ba?"

Ya kwashe kwanaki a ɗakin Inna, Auta na ɗaukar muryarsa, yana gaida yarinyar da bai taɓa gani ba, har da tambayarta ya makaranta.