Jan Fenti a Jikin Mangwaron Yaya Habibu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu, kuma har yau in na shiga gidanmu na Nassarawa, gindin mangwaron da ya dasa nake fara duba, kamar zan tarar da shi a kan farar kujerarsa yana jiran shayi.

Ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne, ya shekara talatin yana leƙen jinin mutane ta madubin nan mai ƙara girman abu. Da ciwon dajin kaluluwa ya kama shi, sai ya mayar da mu ɗalibansa ƙarfi da yaji. Ni da na tsani kimiyya tun sakandare, ni ya fi takura wa.

Ya ce maganin da ake ɗaura masa ta ƙarin ruwa ba shi kaɗai ke kashe ciwon ba. Babban aikinsa ya manne a jikin ƙwayoyin dajin ya yi musu alama. Daga nan wasu fararen ƙwayoyin jini, masu suna nutrofil, su gane alamar, su rungumi muguwar ƙwayar. Ta fi ƙarfin su haɗiye ta, don haka gutsurar fatarta suke yi kaɗan-kaɗan har ta fashe. Da ya ga ban gane ba, ya nuna Malam Idi mai kula da lambu, wanda ke shafa wa busassun bishiyoyi jan fenti kafin masu sara su zo.

"Binta, kin taɓa ganin fenti ya kayar da bishiya? Sai masu gatari sun iso."

Daga baya nasa masu gatarin suka ragu. Kowane mako shi zai karanta takardar gwajinsa, ya ninke, ya ce yau ma ma'aikata ba su cika ba. Muna dariya, shi ya san abin da yake faɗa. Ina kewarsa ƙwarai, har da wannan taurin kai nasa.

Da yana nan, ban san me zai ce da unguwarmu ba. Ana ta rushe tsofaffin gidaje ana gina shaguna, inuwa sai raguwa take. Watan jiya ƙannenmu suka amince a yi shaguna a gaban gidan, ni ma na sa hannu ban karanta taswirar ba. Ranar Asabar na tarar da jan fenti a jikin mangwaronsa, ga mutum uku da injin sara suna jiran umarni.

Malam Idi, wanda ya tsufa yanzu, ya ce cikin sanyin murya, "Hajiya, ba ni na shafa ba."

Na ba mutanen kuɗin mota na sallame su, na kira ƙannena na ce a rage shago ɗaya don a bar mangwaron. Sun yi ta mita, har yanzu ɗaya ba ya ɗaga wayata. Fentin yana nan, mun goga ya ƙi fita. Bana ma bishiyar ta yi fure.